Tashar da ba ta da rumbu: matsayin iskar gas a wutar lantarkin yanki

Wutar lantarki haja ce mai wuyar sha'ani. Hatsi ana zuba shi a rumbu, mai ana ajiye shi a tanki, amma wutar da ke bin manyan wayoyi sai dai a samar da ita a daidai lokacin da ake shan ta. Duk sanda wani ya kunna fanka ko ya tayar da injin masana'anta, to a wani wuri, wataƙila ɗaruruwan kilomitoci daga inda yake, dole wani janareto ya ƙara ƙoƙari nan take. Masu lura da babban layin wuta suna gane ko lissafi ya daidaita ta hanyar kallon bugun wutar: sau 50 a sakan guda a Turai da Afirka da mafi yawan Asiya, sau 60 a Arewacin Amurka. In buƙata ta rinjayi abin da ake samarwa, bugun ya yi ƙasa. In ya yi ƙasa da yawa, injuna su fara kashe kansu don gudun lalacewa, kowanne ya fita ya bar wa sauran nauyinsa, kafin a ce kwabo yanki guda ya faɗa cikin duhu.

Ita kuma buƙatar ba ta zama wuri ɗaya. Ta kwanta da tsakar dare, ta miƙe da hantsi, ta yi tsalle da magariba idan kowa ya koma gida. Zafi ya ɗaga ta, sanyi mai tsanani ma ya ɗaga ta. Saboda haka kowane yanki yana neman tashar da za ta riƙa bin sawun wannan hawa da sauka. Tashar nukiliya ta fi son a kunna ta a bar ta tana aiki watanni a jere. Ta kwal, in ta huce, sai an shafe sa'o'i masu yawa ana hura ta kafin ta kawo wuta. Madatsar ruwa tana da saurin amsawa ƙwarai, sai dai ba kowace ƙasa Allah ya ba kogin da ya dace ba, kuma a shekarar fari ita ma ta kanta take yi. Rana da iska ba a ba su umarni. A nan ne tashar gas ta samu gurbinta.

Injin da ke cikinta ɗan'uwan injin jirgin sama ne. Ya zuƙi iska ya matse ta, a fesa mata gas a cinna wuta, hucin ya fita da ƙarfi ya juya fukafukan tabain, wato farfelar injin, tabain ya juya janareto. Irin wannan tasha, in an tsaya a nan, tana iya tashi daga kwance ta kai cikakken ƙarfi cikin kamar minti goma ko sha biyar, amma tana da ɓarna: daga kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin gas ɗin ne ke zama lantarki, sauran ya bi iska a matsayin zafi. Shi ya sa ake ajiye ta don sa'o'in da buƙata ta kai ƙololuwa. Akwai kuma mai zagaye biyu, wadda ke tare wannan zafin da zai tafi a banza, ta tafasa ruwa da shi, tururin ya juya wani tabain ɗin na biyu. Da haka sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A 2016 tashar Bouchain da ke arewacin Faransa ta mayar da fiye da kashi 62 cikin 100 na ƙarfin gas zuwa lantarki, bayan shekara biyu ta Nishi-Nagoya a Japan ta haura 63. Yawancin tsofaffin tashoshin kwal ba su kai 40 ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, adadin megawat ɗin da ke rubuce a jikin injin an auna shi ne a yanayin digiri 15 na ma'aunin Salshiyos. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, don haka a ranar da zafi ya kai digiri 40 injin yana iya rasa fiye da kashi 10 na ƙarfinsa, alhali a ranar ne aka fi neman wutar. Wannan ƙaramin misali ne na babban abin da nake son ja hankali a kai: lambar da ake yankan ƙyalle a kanta daban, wutar da ke isa gida daban.

Sauƙin gini shi ya yaɗa waɗannan tashoshi a duniya. Ba sa cin fili mai yawa, ana iya kafa su a gefen birni, kuma a al'ada shekara biyu zuwa uku sun isa a kammala, inda tashar nukiliya ko babbar madatsa kan cinye shekara goma. Birtaniya ta rungume su bayan 1990, lokacin da ta sayar da kamfanonin wutarta ga 'yan kasuwa kuma ga gas na Tekun Arewa, har tafiya ta kai ta ga rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, a ranar 30 ga Satumban 2024. A Amurka dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta karya farashin gas, ya wuce kwal a 2016, ya kai kusan kashi 43 na wutar ƙasar a 2023. Singafo kuwa fiye da kashi 90 na wutarta daga gas take. In aka haɗa duniya baki ɗaya, gas na ba da ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin biyar.

To, sai dai a zagaya bayan tashar a duba. A bayan tashar kwal za a tarar da tsibi kamar tsauni, na makonni ko na watanni. Madatsa tana zaune a kan ruwan damina guda. Tashar nukiliya in an zuba mata makamashi sai bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu. A bayan tashar gas kuwa bututu kawai za a gani. Hannu baka hannu ƙwarya take rayuwa: abin da ya shigo yanzu shi za ta ƙona yanzu. Gas ɗin da ke matse a cikin bututun yana iya riƙe ta na ɗan lokaci, amma shi gas tafiyarsa a bututu ba ta wuce ta mota a cikin gari ba, ba kamar lantarki da ke zuwa kamar ƙiftawar ido ba. Kenan amincin tashar ba a hannunta yake ba. Yana hannun rijiyar da ake haƙo gas, da masana'antar da ke tace shi, da injunan da ke tura shi, da kowane gaɓa na bututun, da kuma wanda zai biya kuɗin duk waɗannan.

Babu inda wannan ya fito fili kamar jihar Tekzas ta Amurka a watan Fabrairun 2021. Jiha ce da ta fi kowace jiha a ƙasar haƙo gas, wato mai abu ce ba mai roƙo ba. Sanyin da ba a saba gani ba ya sauko, jama'a suka kunna na'urorin ɗumama ɗaki, buƙata ta yi sama. A daidai lokacin bakunan rijiyoyi da ƙananan bututai suka daskare, na'urorin tashoshi da aka bari a fili su ma suka daskare. Da asubahin 15 ga wata bugun wutar ya faɗi ƙasa da 59.4, ya zauna a nan fiye da minti huɗu. Ƙa'idar ita ce in ya cika minti tara a haka, sauran tashoshi za su fara ficewa da kansu. Daga baya hukumar da ke kula da layin, ERCOT, ta ce minti 4 da sakan 37 suka rage jihar ta faɗa duhun da zai iya ɗaukar makonni. Abin da ya cece ta shi ne yanke wa mutane wuta da gangan, har megawat 20,000. Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan huɗu suka zauna babu wuta a cikin ƙanƙara, kuma alƙaluman jihar sun ce mutum 246 suka rasu.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda maciji ya juyo ya ciji wutsiyarsa. Cikin layukan da aka yanke har da masu kai wuta ga wuraren haƙo gas da tura shi, domin da yawansu ba su yi rajista a matsayin waɗanda ba a taɓawa ba. An ɗauke musu wuta, gas ya ƙara raguwa, tashoshi suka ƙara rasa abin ƙonawa. 'Yan siyasa sun yi ta nuna yatsa ga injunan iska da suka daskare, kuma gaskiya ne sun daskare, amma binciken hukumomin tarayya ya nuna tashoshin gas ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka gaza. Ga kuma batun maƙwabtaka. Tekzas ta daɗe da ware layinta daga na sauran ƙasar don kada dokokin tarayya su hau kanta, saboda haka 'yan ƙofofin da za ta iya jawo wuta daga waje ƙanana ne. Birnin El Paso, da ke cikin jihar amma yana haɗe da layin yammacin ƙasar, bai sha irin wannan wahala ba.

A Afirka ta Yamma ba sanyi ba ne, amma labarin bututun ɗaya ne. Akwai bututu mai tsawon kilomita 678 da ke ɗaukar gas daga Najeriya ta ƙarƙashin teku zuwa Benin da Togo da Gana. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa shi a kusa da Lome, ya yi kusan shekara guda a rufe. Tashoshin Gana da ke iya ƙona ɗanyen mai suka koma kansa da tsada, wadda ba ta iya ba ta zauna jiran gyara. Wannan yana daga cikin tushen ɗauke wutar da mutanen Gana suka raɗa wa suna dumsor, wato kashe-kunna, wadda ta tsananta a 2015 da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya. A Najeriya ma, a ranar 2 ga Janairun 2018 gobara ta tashi a bututun Eskirabos zuwa Legas, tashoshi irin su Egbin da Omotosho da Olorunsogo suka rasa gas a tare, babban layin ƙasar ya durƙushe. Tashoshi da yawa a takarda, amma duk daga nono ɗaya suke sha.

Akwai kuma wani bututun da ba a gani da ido, wato na kuɗi. Gas yana gangarowa daga rijiya zuwa tasha zuwa gida, kuɗi kuma dole ya hau daga gida zuwa kamfanin rarraba wuta, zuwa tasha, zuwa mai gas. In ya toshe a ko'ina, mai gas zai rage abin da yake turawa, musamman in yana da mai saye a ƙasar waje da ke biya da dala a kan lokaci. Najeriya tana da gas a ƙarƙashin ƙasa fiye da kowace ƙasa a Afirka, tana da tashoshin da a takarda ƙarfinsu ya kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a ya daɗe yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Ba gas ne kaɗai sanadi ba, wayoyin dakon wutar ma suna da nasu rauni, amma bashin da masu gas ke bi yana tsakiyar matsalar. Gana kuma ta ɗanɗani ɗaya gefen: da wahala ta ishe ta, ta sa hannu a yarjejeniyoyi masu yawa irin na ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba sai ka biya, har a 2019 gwamnatinta tana kukan tana biyan kuɗin ƙarfin wutar da ba ta amfani da shi.

Misalin Masar ya fi ba ni tausayi, domin ita ta yi abin da ake cewa a yi. Bayan ɗauke wutar da ta addabe ta a 2014, ta ba kamfanin Siemens kwangilar manyan tashoshi uku, a Bani Suwaif da Burullus da sabon babban birni, kowacce megawat 4,800. Aka kammala su a 2018. Ga shi a 2015 an gano rijiyar Zohr a tekun Bahar Rum, har ƙasar ta koma sayar da gas a waje tana maganar rarar wuta. Ba a yi shekara goma ba abin da Zohr ke bayarwa ya ragu, zafi ya ƙaru, dala ta yi wuya. A bazarar 2023 da ta 2024 aka koma raba wuta unguwa-unguwa, injuna sababbi fil suna tsaye, ƙasar ta koma sayo gas daga waje.

Sai batun farashi, wanda shi ne ya fi ruɗa mutane. A kasuwannin wuta irin na Turai, kowace tasha tana faɗin kuɗin da za ta karɓa ta yi aiki a sa'a kaza. A jera su daga mai araha zuwa mai tsada: rana da iska a gaba don ba sa sayen makamashi, sai nukiliya, can baya kuma kwal da gas. A yi ta ɗauka har a cika buƙatar wannan sa'ar, kuma farashin ta ƙarshen da aka ɗauka shi za a biya kowa. Sau da yawa ta ƙarshen nan tashar gas ce. Saboda haka ƙasar da gas ke ba ta kaso kaɗan na wutarta tana iya wayar gari gas ne ke yanka mata farashin wutar duka.

Muddin gas na da araha babu mai damuwa da wannan tsari. A 2021 kusan kashi 40 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 kuma Rasha ta fara murɗe famfo, farashin gas da a baya yake wajen yuro 20 kan kowace megawat-awa ya haura yuro 300 a watan Agusta. Abu goma da ashirin, a shekarar ne kusan rabin tukwanen nukiliyar Faransa suke tsaye don gyara, ga fari ya rage ruwan madatsu, har Faransa da ta saba ciyar da maƙwabta ta sayi wuta fiye da yadda ta sayar, karo na farko cikin shekara sama da 40. Sifaniya da Fotugal suka nemi a ba su dama ta musamman, suka ƙayyade farashin gas ɗin da ake lissafa wa tashoshinsu daga watan Yunin 2022.

Turai ta tsira domin tana da aljihu. Ta koma sayen gas ɗin da ake sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri har ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600, a loda shi a jirgi. Jamus, da ba ta da tashar sauke irinsa ko ɗaya, ta buɗe ta Wilhelmshaven a Disamban 2022. Amma jiragen da suka juya zuwa Turai akwai inda suka nufa tun farko. Fakistan ta yi ta neman masu kawo mata tana rasawa, Bangaladash ta dakatar da saye a kasuwar nan-take, dukansu suka koma raba wuta. Jirgi ya 'yantar da tashar gas daga bututu ɗaya, ya jefa ta kasuwar da mai kuɗi ke fara ɗiba.

Game da hayaƙi, maganar a taƙaice take. Tashar gas mai zagaye biyu tana fitar da ƙasa da rabin iskar kabon ɗin da ta kwal ke fitarwa a kan wuta daidai da juna, kuma ba ta barin toka. Amma shi gas ɗin kansa, wato metan, in ya tsiyaye daga rijiya ko bututu ba a ƙona shi ba, yana riƙe zafi fiye da kabon wajen sau 80 a cikin shekara 20 na farko. Yoyo kaɗan ya isa ya cinye babban ɓangare na ribar. Wanda ya ce gas mai tsabta ne, a tambaye shi: idan aka kwatanta da me, kuma wa ke duba bututun?

Yanzu aikin tashar gas yana sauya kama a wuraren da sola ta yi yawa. A Kalifoniya, da rana tsaka sola na ɗauke kusan duk nauyin, tashoshin gas su yi likimo, da faɗuwar rana kuma a nemi dubban megawat cikin sa'a biyu ko uku. Wannan gurbi na magariba shi batura suka fara ƙwacewa, ƙarfinsu a jihar ya haura megawat 10,000 a 2024. Sai dai yawancinsu na sa'a huɗu ne. Suna iya ɗaukar hasken azahar su kai shi isha'i, ba sa iya ɗaukar na wannan mako su kai shi mako mai zuwa. Jamusawa suna da kalma, Dunkelflaute, ga kwanakin hunturu da babu rana babu iska. A Disamban 2024 irin wannan yanayi ya ɗaga farashi a Jamus, ya bi waya ya ɗaga shi a kudancin Suwidin da Norwe, har 'yan siyasar can suka fara ƙorafi a kan wayoyin da suka haɗa su da maƙwabta. A irin waɗannan kwanaki har yanzu gas ake kira.

Wannan ya haifar da tambaya mai wuya: wa zai ciyar da tashar da ake buƙata ƙwarai amma na 'yan kwanaki a shekara? In wutar da ta sayar kawai za a biya ta, ba za ta mayar da kuɗin gininta ba. Birtaniya ta fara gwanjo na musamman a 2014 inda ake biyan tashoshi kuɗin zama cikin shiri, kamar mai gadi da ake ba albashi ko ɓarawo bai zo ba. A ganina tsarin yana da hujja, amma da sharaɗin a tabbatar mai gadin zai farka ranar da aka kira shi. Tashar da za ta karɓi kuɗin shiri ya kamata ta nuna yarjejeniyar gas da ba a yankewa, ko tankin dizal na 'yan kwanaki a harabarta in injinta na iya ƙona shi, ta kuma nuna an gwada ta a irin zafin ko sanyin da ake tsoro. In ba haka ba, an sayi megawat na takarda.

Haka kuma wayoyin da ke tsakanin ƙasashe. ECOWAS ta kafa tsarin haɗakar wutar yankinta tun 1999 bisa tunanin cewa gas na bakin teku da ruwan madatsu da hasken ranar Sahel za su riƙa rufa wa juna asiri. Kodebuwa, da tashoshinta na Azito da Ciprel a Abijan, ta zama mai sayar wa Mali da Burkina Faso wuta. Amma a 2021, da wani inji ya lalace a Azito kuma ruwan madatsu ya yi ƙasa, sai ta rage abin da take turawa, duhun Abijan ya isa Bamako. Haɗin waya yana da amfani ne idan abin da ke kayar da wannan ba shi ke kayar da wancan ba. Ƙasashe biyar da ke rataye a bututu ɗaya, ko an haɗa su da waya, rana ɗaya za su yi duhu.

Duk da haka masu neman sababbin tashoshi ƙaruwa suke yi. Manyan cibiyoyin kwamfuta da ke ɗauke da ƙirƙirarriyar basira suna shan wuta dare da rana, kuma masu su sun yi wa kasuwar tabain dirar mikiya. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan manyan injunan: GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi. Zuwa 2025 layin masu jira a wurinsu ya kai na shekaru, farashin gini ya tashi, har wasu na biyan kuɗin kama wuri tun kafin a sa hannu a kwangila. Saurin ginin da ya sa aka so tashar gas tun farko ya fara zama tarihi, kuma ƙasar da ta shiga layin a bana, injin da za a kawo mata an ƙera shi ne don ya yi aiki shekara 30 ko fiye, wato har bayan 2055 za ta kasance tana nemo masa gas kullum safiya.